Cutar da ke Sauya Hali Tun Kafin Mantuwa Ta Zo

Akwai wata gajeriyar jarrabawa da likitoci suka daɗe suna yi wa mutumin da ake zargin ƙwaƙwalwarsa ta fara rauni. A tambaye shi yau wace rana ce kuma ina yake, a ba shi kalmomi uku ya riƙe, a sa shi ya yi ta ɗebe bakwai daga ɗari, a ba shi wani zane ya kwaikwaya. Maki 30 ne duka. Mai cutar Alzheimer yakan yi tuntuɓe a kan kalmomin nan uku tun cutar ba ta yi nisa ba. Amma akwai wanda zai ci 28 ko 29, ya miƙe yana yi wa likita murmushi, alhali cikin shekara biyun da suka wuce ya ƙarar da ajiyar iyalinsa wajen sayen abin da ba ya buƙata, an sallame shi daga aiki saboda kalaman da ya riƙa yaɓa wa abokan aikinsa, kuma ranar da aka kwantar da matarsa a asibiti tambaya ɗaya ya yi: wa zai ba shi abinci? Jarrabawar ba ta yi ƙarya ba. Abin da take aunawa ne cutar ba ta kai gare shi ba tukuna.

Likitoci na kiran wannan cuta FTD a taƙaice. Tana cikin dangin dimenshiya, rukunin cututtukan da jama'a suka fi sani da ciwon mantuwa, sai dai ita ta wata ƙofar take shigowa. Alzheimer takan fara da wurin da ke karɓar sababbin abubuwa ya adana. FTD kuwa sashen gaba na ƙwaƙwalwa take ci, wanda ke bayan goshi, da sassan gefe biyu da ke daura da kunnuwa. Sashen gaban nan shi ne linzamin mutum: shi ke hana baki furta duk abin da ya ɗarsu a zuci, shi ke auna abin da zai biyo bayan aiki kafin a aikata, shi ke sa mutum ya ji nauyin idon jama'a. Sassan gefe su ke riƙe da ma'anar kalmomi da sanin abubuwa, na dama kuma ya fi karkata ga gane fuskoki da karanta yanayin mutane. In waɗannan wurare suka fara motsewa, mutum zai tuna abin da ya faru jiya daki-daki, amma iyalinsa za su rantse ba shi ne wanda suka sani ba.

Tun a 1892 wani likita a birnin Prag, Arnold Pick, ya rubuta labarin wani dattijo mai shekara 71 da magana ta riƙa kuɓuce masa sannu a hankali. Da aka duba ƙwaƙwalwarsa bayan ya mutu, sai aka tarar da sashen gefen hagu ya motse fiye da sauran. A 1911 Alois Alzheimer, shi dai wanda ɗaya cutar ke ɗauke da sunansa, ya hango wasu dunƙule-dunƙule cikin ƙwayoyin jijiyar irin waɗannan marasa lafiya. Daga nan aka shafe gomman shekaru ana ɗaukar wannan cuta, wadda aka sa wa sunan Pick, a matsayin abin da likita zai iya yin ritaya bai taɓa gani ba, har zuwa 1994, lokacin da masu bincike daga Lund ta Suwidin da Manchester ta Ingila suka fitar da ƙa'idojin gane ta. Yau an san tana cikin manyan abubuwan da ke jawo dimenshiya ga waɗanda ba su kai 65 ba. An kuma san cewa cututtuka ne da dama a ƙarƙashin suna ɗaya. A wasu furotin da ake kira tau ne ke taruwa cikin ƙwayoyin jijiya, a wasu TDP-43 wanda sai a 2006 aka gano hannunsa a ciki, waɗannan biyun su suka raba mafi yawan marasa lafiya kusan daidai, ragowar 'yan kaɗan kuma wani ne mai suna FUS.

Batun shekaru ba ƙaramin abu ba ne. Mafi yawanci tsakanin 45 da 65 take farawa. Wato tana kama mutum yana kan ganiyarsa, yana da aiki a hannu, yara a makaranta, sa hannunsa na fitar da kuɗi daga banki, mukullin mota na aljihunsa. Tsoho mai shekara 85 da ya fara ruɗewa an riga an karɓe masa yawancin ragamar gida. Mai shekara 52 kuwa komai na hannunsa, kuma ba wanda zai kawo cuta a ransa in ya fara ɓarna. Za a ce girman kai ne, ko shaye-shaye, ko ya samu wata a waje, ko auren ne ya gundure shi.

Nau'in da ya fi yawa shi ne mai taɓa hali. A 2011 wani ayarin masana na ƙasa da ƙasa ƙarƙashin Katya Rascovsky ya tsayar da alamomi shida, ya ce in uku suka haɗu, kuma abin yana ƙaruwa, to a fara zargin cutar. Wadda ta fi jan ido ita ce zubewar kunya: mutum ya tare baƙo yana masa tambayar da ko aboki ba zai yi ba, ya taɓa jikin wanda bai sani ba, ya ɗauki kaya a kanti ya fita ba tare da ya ɓoye ba. Amma wadda ta fi yawa, kuma aka fi rasa gane ta, ita ce mutuwar zuciya. Mutumin da ada ba ya iya zama, yanzu sai ya yini a kujera ɗaya, ba wanka sai an ce, ba magana sai an yi masa. Sai gushewar tausayi, wadda ita ce ke yi wa iyali rauni mafi zurfi: a gaya masa ɗan'uwansa ya rasu, ya ce to, ya ci gaba da kallon talabijin. Akwai maimaita abu ba gaira ba dalili, kamar tafa hannu, ƙirga, tara tarkace, ko bin hanya ɗaya a daidai minti ɗaya kullum, in aka hana kuwa a ga tashin hankali. Akwai sauyin ci: kwaɗayin zaƙi, haɗama, miƙa hannu a kwanon wani, nacewa kan abinci iri ɗaya. Ta shida a gwaji ake ganinta, wato gazawa wajen tsara aiki da sauya dabara, alhali tunawa da gane hanya suna nan da sauransu.

Abin da ya ɗaure duka shidan, ko da yake ba ya cikin lissafin, shi ne mai cutar bai san ya sauya ba. Ba musu yake yi don kare kansa ba. Sashen da zai duba kansa ya ga aibin shi ne ya lalace. Duk wanda bai fahimci wannan ba zai ɓata shekaru yana wa'azi da faɗa da roƙo, yana jiran ranar da mutumin zai farga.

Ɗaya hanyar da cutar ke bi ita ce ta harshe. Marsel Mesulam ya bayyana wannan a 1982, kuma a 2011 aka kasa shi uku. A nau'i na farko magana ce ke zama wahala: mutum ya san abin da yake son faɗa, amma sautukan suna fita da ƙyar, a karkace, jimlar ta zama guntu-guntu. A na biyu magana na zuba kamar da, ma'ana ce ke zubewa. Ka ce masa ya miƙo guduma, ya dube ka ya ce mene ne guduma. Kowace dabba mai ƙafa huɗu ta koma kare, daga baya komai ya koma "abin nan". Na uku, inda mutum ke yawan tsayawa yana laluben kalma kuma ba ya iya maimaita doguwar jimla, yawanci Alzheimer ce a ƙarƙashinsa, don haka bambance shi na da amfani wajen magani. Duniya ta ƙara jin sunan cutar ta wannan hanyar ne: a 2022 iyalin jarumin fina-finan Amurka Bruce Willis suka sanar ya daina aiki saboda matsalar magana, a Fabrairun 2023 kuma suka ce likitoci sun tabbatar FTD ce.

Cutar na iya sauka jiki ma. Kimanin kashi 15 cikin ɗari na masu ita sukan kamu da cutar jijiyoyin motsi da ake kira ALS, mai shanye tsokoki har na haɗiya da numfashi. Wasu kuma sukan sami sanƙarewa da yawan faɗuwa da kasa juya ido sama da ƙasa, alamu masu kama da na Parkinson amma da ba sa jin maganinta sosai.

To ta yaya ake gane ta? A ganina amsar da ta fi kowacce muhimmanci ba ta da tsada ko kaɗan: likita ya keɓe da wanda ke kwana yana tashi da mara lafiya, ya saurare shi na tsawon lokaci, mara lafiyan ba ya ɗakin. Mata da yawa ba za su iya faɗin abin da mijinsu ya yi wa maƙwabciya a gabansa ba, ɗa ba zai iya cewa mahaifiyarsa ta daina wanka tana zaune tana kallonsa ba. Shi kuwa mara lafiya, in shi aka tambaya, lafiya lau zai ce, kuma cikin minti goma sha biyar na ganin likita, inda tambayoyi ke zuwa ɗaya bayan ɗaya a tsare, zai iya zama kamar kowa. Tambayoyin da ke fito da gaskiya masu sauƙi ne. Yaya yake shekara biyar da suka wuce? Me yake yi yanzu wanda a da zai ji kunyar yi? Yaushe rabon da ya tambayi wani yaya ya kwana da jiki? Abin ya tsaya wuri ɗaya ne ko kowace shekara sai ya fi ta baya? Abin da ake nema shi ne sauyi, mai ɗorewa, mai ƙaruwa. Mutumin da tun yana saurayi ba shi da ta-ido, rashin ta-idonsa a shekara 55 ba ya nuna komai.

Saboda wannan zama ba ya samuwa yadda ya kamata, akan ɗauki fiye da shekara uku daga fara alamu zuwa sanin sunan cutar. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco ya nuna kusan rabin masu nau'in hali an fara yi musu laƙabi da ciwon taɓin hankali, musamman ciwon damuwa. Kuskuren ba abin mamaki ba ne, amma akwai inda za a raba su. Mai ciwon damuwa yana jin zafin halin da yake ciki, yana zargin kansa, yana cewa ya zame wa mutane kaya. Mai FTD da zuciyarsa ta mutu ba abin da ke damunsa, kuma har ga Allah haka yake ji. Duk wanda aka ce ya kamu da ciwon taɓin hankali karo na farko bayan ya haura 45, ba shi da tarihinsa, magani kuma ba ya yi masa komai, ya cancanci a sake dubawa.

Sai dai kuskuren na iya zuwa ta ɗaya gefen, kuma wannan ba a cika faɗinsa ba. Alamomin nan shida, in ka ɗauke su ɗaya-ɗaya, za ka same su a mai shan giya da yawa, da mai ciwon da ke jefa mutum tsakanin zumuɗi da baƙin ciki, da ma auren da ya yi tsami. Akwai mutane, yawancinsu maza, da iyalinsu ke ba da labarin da ya dace da cutar tsaf, amma hoton ƙwaƙwalwarsu ba ya nuna komai, shekara goma kuma suna nan yadda suke. Ɗora wa irin wannan mutum sunan cuta mai kisa zalunci ne: zai rasa aiki da lasisin tuƙi da ikon dukiyarsa. Shi ya sa likita mai hankali ba ya jin kunyar cewa a dawo bayan wata shida ko shekara a sake aunawa. Cutar da ke cin ƙwaƙwalwa ba ta tsayawa, don haka lokaci kansa gwaji ne.

Kafin a kai can, dole a kawar da abubuwan da ke kwaikwayonta waɗanda kuma ake iya magancewa: matsalar tayirod, ƙarancin bitamin B12, tunjere ko ƙanjamau da suka hau ƙwaƙwalwa, ƙari a bayan goshi, taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa, illar wasu magunguna. Gwajin jini da hoto ne ke tace waɗannan. Hoton MRI na iya nuna motsewar gaba da gefe, sau da yawa ɓangare ɗaya ya fi ɗaya, kuma shi ne ke ɗaga zargi daga "mai yiwuwa" zuwa "kusan tabbas". Amma a farkon cuta hoton kan fito kamar lafiyayye, ko mai karanta shi ya rubuta cewa daidai yake da shekaru saboda ba a gaya masa inda zai duba ba. A nan hoton PET, mai nuna yadda sassan ƙwaƙwalwa ke ƙona sukari, yakan riga MRI ganin inda aiki ya ja baya, ko da yake shi ma yana iya nuna rauni ga masu taɓin hankali zalla. Gwajin ruwan laka ko na jini da ke neman amiloyid, furotin da ke taruwa a ƙwaƙwalwar masu Alzheimer, amfaninsa shi ne ya ce Alzheimer ce ko ba ita ba ce. Akwai kuma wani furotin mai suna niyurofilamen da ke tsiyaya cikin jini in jijiyoyi na mutuwa. Yana taimakawa wajen raba FTD da taɓin hankali, amma ba ya faɗin cutar da ke kashe jijiyoyin, don shanyewar ɓarin jiki ma na ɗaga shi. Har yanzu babu gwajin da ake amfani da shi a asibiti da zai ce wa mai rai naka tau ne ko TDP-43. Tabbaci na ƙarshe hanya biyu gare shi: duba ƙwaƙwalwa bayan mutuwa, ko samun ƙwayar gadon da aka san tana jawo cutar.

Gado kuwa ya fi ƙarfi a nan fiye da a Alzheimer ta tsofaffi. Kusan kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na da wani a dangi mai irin wannan ciwo, kuma a kashi 10 zuwa 20 gadon a fili yake, daga uwa ko uba zuwa ɗa. Ƙwayoyin gado uku ne suka ɗauki mafi yawan wannan: MAPT da aka gano a 1998, GRN a 2006, sai C9orf72 a 2011. Ta ƙarshen ita ce ta warware wani abu da ya daɗe yana ɗaure wa likitoci kai, wato gida ɗaya a sami wa da FTD, ƙane da ALS. Wani ɗan guntun rubutun gado ne mai harafi shida ke maimaita kansa sau ɗaruruwa ko dubbai, maimakon 'yan kaɗan. Masu ita wani lokaci da ruɗani irin na taɓin hankali suke farawa, su ga ana bin su ko su ji muryoyi, shekaru kafin sauran alamu. Ya kamata a sani cewa yawancin alƙaluman nan daga mutanen asalin Turai aka tattara su. Nau'in da ma'anar kalmomi ke zubewa kuwa ba safai ake gadonsa ba.

Wanda ke ɗauke da ɗaya daga cikin ukun, kowane ɗa nasa na da damar rabi da rabi ta gadonta. Wannan ya sa gwajin mutum ɗaya ya zama labarin dangi gaba ɗaya, har da waɗanda ba su nemi ji ba. Ƙa'idar da aka yarda da ita ita ce a zauna da masanin ba da shawara kan gado kafin a ɗebi jini, a tattauna wa za a gaya wa, wa kuma ke da haƙƙin ya ce ba ya son sani. Ba a yi wa yara ƙanana gwajin, ana barinsu su girma su zaɓa. Da yawa daga cikin manya ma sukan zaɓi rashin sani, kuma ban ga laifinsu ba tunda babu rigakafi. Tarihin dangi shi ma yakan yaudari likita. Kakan da aka ce giya ce ta kashe shi, gwaggon da aka ce ta haukace bayan ta haura hamsin, uban da ya mutu a hatsari yana da shekara 40 kafin cutar ta bayyana, duk suna iya ɓoye zaren.

In aka zo magani, gaskiyar a taƙaice take: babu wanda ke tsayar da cutar ko rage mata gudu. Magungunan Alzheimer irin su donepezil an gina su ne kan wani sinadarin ƙwaƙwalwa da FTD ba ta cika taɓawa ba, don haka ba sa amfani, wani lokaci ma sukan ƙara rashin natsuwa. An gwada memantine, sakamakon da ya fito a 2013 ya nuna ba ta yi komai ba. Sababbin alluran da ke share amiloyid ba su da abin sharewa a nan. Wannan kaɗai ya isa dalilin neman sunan cuta na gaskiya. Abin da ke ɗan taimakawa shi ne magungunan da ke ɗaga sinadarin ƙwaƙwalwa mai suna sirotonin, irin su sertraline da citalopram, da kuma trazodone, waɗanda kan rage maimaita abu da haɗama da saurin fushi ga wasu. Hujjarsu daga ƙananan gwaje-gwaje ta fito, a gwada ne a gani. Magungunan kwantar da masu taɓin hankali kuwa sai in an rasa yadda za a yi, kamar inda ake tsoron duka ko rauni, domin masu FTD na saurin sanƙarewa da su, kuma tun 2005 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa suna ƙara haɗarin mutuwa ga tsofaffi masu dimenshiya.

Saboda haka mafi yawan jinyar a gida take, kuma ƙa'idarta ɗaya: tunda ba za a iya gyara mutumin ba, a gyara abin da ke kewaye da shi. Gardama ba ta kai ko'ina. Abin da ke aiki shi ne lura. A riƙa rubuta abin da ya faru, da wane lokaci, da abin da ya gabace shi. Sau da yawa sai a ga fushin yamma hayaniyar gida ce ke tayar da shi, ko yunwa, ko ciwon haƙori da ba ya iya faɗa. Maimaitawar da ba ta cutar da kowa a ƙyale ta, in da hali ma a mayar da ita aiki: mai son jera abubuwa a ba shi abin jerawa, mai son zagaye ɗaya kullum a sama masa abokin tafiya maimakon a kulle ƙofa. Mai haɗama a zuba masa kaɗan-kaɗan, a kawar da sauran daga idonsa, a kuma zauna kusa don cusa abinci na sa a ƙware. In ya yi abin kunya a waje, janye hankalinsa zuwa wani abu ya fi tsawa saurin kashe wutar.

Akwai abubuwa uku da jinkiri a kansu ke jawo nadama, kuma iyalai kan ja ƙafa saboda suna ganin cin fuska ne. Na farko kuɗi. Mai wannan cuta abincin 'yan damfara ne, kuma shi kansa zai iya kyautar da gida. A rage abin da katinsa ke iya fitarwa, a kuma yi takardar wakilci bisa doka tun yana da sauran hankalin da sa hannunsa zai karɓu. Na biyu tuƙi, tare da makami da injuna masu haɗari. Hannunsa bai manta sitiyari ba, hanya ma ya sani, abin da ya tafi shi ne abin da ke sa mutum ya tsaya a jar wuta ko ya taka birki don yaro. Na uku doka. Wani bincike na 2015 ya samu cewa kusan kashi 37 cikin ɗari na masu nau'in hali sun aikata abin da doka ta hana, kamar sata ko laifin hanya ko cin zarafi, alhali a masu Alzheimer kusan 8 ne. Takardar likita da ke bayanin cutar, a aljihunsa da hannun iyalinsa, tana iya raba shi da kwana a ofishin 'yan sanda. Inda kuma kunyar jiki ta zube, ba a barinsa shi kaɗai da yara, komai kyawun halinsa na da.

Masu nau'in harshe suna amfana da ƙwararren mai koyar da magana, musamman in an fara da wuri. Ana horar da su kan jimlolin da suka fi buƙata, ana sake koya musu sunayen kayan gidansu da hotunan kayan kansu, ana haɗa musu littafin hotuna ko manhajar waya tun suna iya koyon amfani da ita. Wannan ƙwararren ne kuma ke duba haɗiya in ta fara wahala. Duk mai FTD ya kamata a riƙa duba tsokokinsa lokaci-lokaci, domin in rauni ko rawar nama ko sauyin murya suka bayyana, lissafin ya canja gaba ɗaya.

Mai jinya a wannan cuta yana ɗaukar nauyin da bincike ya sha nuna ya fi na mai jinyar Alzheimer, kuma dalilin a fili yake. Mai Alzheimer na iya manta sunanki amma ya riƙe hannunki ya gode. Wannan kuwa ya san sunanki, ya san ranar aurenku, amma ko kina kuka a gabansa ba zai tambayi dalili ba. Ga dangin da ke zuwa gaisuwa ta awa ɗaya, su same shi yana hira da dariya, su fita suna cewa ke ce kike ƙara gishiri. Ga yara masu tasowa da ke jin kunyar kawo abokai gida, wasunsu na zaton uban ya daina son su ne. Su ma a gaya musu sunan cutar da abin da take yi, da kalmomin da suka dace da shekarunsu. Ga kuma wuraren kula da masu dimenshiya da aka tsara don raunanan tsofaffi, waɗanda ba su san yadda za su yi da ƙaƙƙarfan mutum mai shekara 54 da ba ya zama ba. Likitan da ya duba mara lafiya bai tambayi mai jinya yadda take barci ba, rabin aikinsa ya yi.

Daga fara alamu, yawanci shekara 6 zuwa 11 ake yi, wasu su wuce haka, musamman masu nau'in ma'ana. In ALS ta shigo, abin kan taƙaita zuwa shekara 2 ko 3. Can gaba nau'o'in kan haɗe, rashin kunya ya lafa, shiru ya maye gurbinsa, tafiya da haɗiya su gagara, kuma ciwon huhu daga abincin da ya bi ta hanyar iska na cikin abin da ya fi kawo ƙarshe. Maganar ko za a sa bututun ciyarwa, da inda yake so a yi jinyarsa ta ƙarshe, tun a shekarar farko ya kamata a yi ta, lokacin da bakinsa ke iya ba da amsa.

A fagen bincike, ido na kan iyalan da ke ɗauke da ƙwayoyin gadon nan, domin su kaɗai aka san furotin da ke ɓarna a cikinsu tun suna raye. Manyan shirye-shirye biyu ke bibiyar su, GENFI a Turai da Kanada, ALLFTD a Arewacin Amurka, kuma sun nuna cewa hoton ƙwaƙwalwa kan fara sauyawa kusan shekara goma kafin alamu. Masu GRN suna da ƙarancin wani furotin mai suna furogranulin, don haka dabarar ta zama kamar mai sauƙi: a ɗaga shi. An yi babban gwaji da allurar latozinemab, sakamakon ya fito a Oktoban 2025. Furotin ɗin ya ɗagu a jini, amma cutar ba ta rage gudu ba. Ana ci gaba da gwada wata hanyar, ta shigar da lafiyayyar ƙwayar GRN kai-tsaye cikin ƙwaƙwalwa, kuma tambayar da masu binciken ke fama da ita yanzu ita ce ko maganin ne bai isa ba, ko kuwa ana ba da shi ne bayan jijiyoyin da ake son ceto sun riga sun mutu.